Taurarin da Ake Jera wa Fim: Su Wa Ke Ba da Su, da Wane Mudu?

  

Yau maganar fim za mu yi, amma ba labarin jarumai ba, ba kuma wa ya auri wa ba. Abin da ya jawo ta kuwa wani saƙo ne da wata baiwar Allah ta aiko mana. Ta ce ɗanta ne ya nuna mata hoton tallar wani fim ɗin Indiya a waya, ga taurari huɗu an jera a ƙarƙashin sunan fim ɗin. Ya ce mata, "Umma, wannan sai kin gani, ai masana ne suka ba shi huɗu." Ta ba shi kuɗi ya je aka turo mata. Bayan sallar isha'i ta tara yara suka zauna kallo, ba su kai ko rabi ba ta kashe wayar, domin an zo wani wuri da ba za ta iya haɗa ido da 'ya'yanta ana nunawa ba. Shi ne take tambaya, wai su wane ne masanan nan, kuma da wane mudu suke awo?

Hajiya, tambayarki ta yi kyau, kuma ba ke kaɗai take damu ba. Yawancinmu ba gidan sinima muke zuwa ba. Fim yana shigowa ɗakinmu ne ta hannun yaron da muka aika, ko maigida, ko ƙanwar miji, ko kuma akwatin talabijin. Da can kaset ne, daga baya faifan sidi, yanzu waya. Kayan sun canza, amma har gobe da ji muke saye kafin mu gani. Kuɗin da ya tafi ya tafi, awa biyu ko uku da kika cire daga barcinki ba za su dawo ba, abin da idon yaro ya gani kuma ba a goge shi da tsumma. Don haka ya kamata mu san mutanen da muke ɗora wa wannan amana.

Ana kiran su masu sharhin fim. Mutane ne kamar ni da ke, ma'aikatan jarida ko mujalla, waɗanda aikinsu ke nan su kalli fim su rubuta ra'ayinsu a kansa. Akwai mujallun da ba su da wata sana'a sai maganar fim. A Ingila akwai Sight and Sound, wadda ta fara fitowa tun 1932, da kuma Empire ta 1989. A Indiya akwai Filmfare ta 1952. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Bayan da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama a Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, sai mujallu suka biyo baya. An yi Tauraruwa, inda Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan nan na Kannywood da kowa ke faɗa yanzu, sannan a 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim daga Kaduna. Da yawanku za ku tuna lokacin da ake karɓar aronta gida-gida, kafin ta dawo hannun mai ita bangon ya tsufa.

To yaya aikin yake? A manyan ƙasashen fim, kafin a saki fim ga jama'a, kamfanin da ya yi shi yakan gayyaci masu sharhi kallo na musamman. Za su zauna a duhu, kowa da ɗan littafinsa da biro, yana rubutu ba tare da yana ganin abin da yake rubutawa ba. Sau da yawa kamfanin yakan gindaya musu sharaɗi cewa kada kowa ya buga sharhinsa sai rana kaza. Sau ɗaya mutum zai kalla, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu gare shi ya miƙa wa edita rubutunsa. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: hukuncin da za a yi ta yawo da shi shekara da shekaru, sau da yawa a zama ɗaya aka yanke shi.

Abin da yake dubawa kuwa, kusan irin abin da kike dubawa ne idan an kawo miki ɗinki daga wurin tela. Ba yadin kaɗai kike kallo ba, har da yanka, da yadda hannu ya zauna, da ko zare na lilo ta ciki. Mai sharhi yakan fara da labari: ya tsaya da ƙafafunsa ko kuwa faci-faci ne? Mutumin da aka nuna mana matsoraci ne tun farko, me ya faru ya zama jarumi a ƙarshe, an nuna dalili ko dai darakta ne ya ga dama? Sai wasan 'yan fim, wato ko kukan da jarumar ke yi ya taɓa zuciya ko kuwa ana gani an san ɗiga mata wani abu aka yi a ido. Sai ɗaukar hoto da haske, sai sauti, sai kiɗa, sai kuma haɗa hotunan bayan an gama ɗauka, wanda 'yan sana'ar ke kira editin. Wannan na ƙarshe shi ne wanda mai kallo ba ya lura da shi sai in ya lalace. Idan kika ga an ɗauki minti uku mota na fita daga gida, maigadi na rufe ƙofa, motar na tafe a titi ba abin da ya faru, to a nan aka gaza. Ko kuma mace ta shiga ɗaki da jan mayafi, ta juyo da kore. Kun sha gani, kun kuma sha dariya. To wannan dariyar taku ma sharhi ce, rubutawa ne kawai ba ku yi ba.

Mai sharhin kirki yana da ladubba biyu da ba ya ƙetarewa. Ba ya tona ƙarshen labari, don kada ya kashe wa mai kallo daɗi. Kuma yana auna fim da abin da ya ɗauki alkawarin yi. Fim ɗin barkwanci ana tambayarsa ne ko ya ba da dariya, ba a tuhumarsa don bai sa kuka ba. Ba a cewa kunu bai yi ba don bai kai tuwo ƙarfi ba.

Taurarin fa? Wata mace ce ma ta yayata su. A 1928 jaridar Daily News ta birnin New York a Amurka ta fara sa wa finafinai taurari, a shafin da wata mai sharhi Irene Thirer ke rubutawa. A lokacin uku ne ƙoli. Dabarar ta karɓu saboda mai sauri, wanda ba shi da lokacin karanta shafi guda, da ido ɗaya ya gane inda aka dosa. Yau wasu huɗu ne ƙolinsu, wasu kamar Empire biyar. A wurin masu biyar, ɗaya na nufin kada ki ɓata kuɗinki, uku na nufin ba laifi, biyar kuma na nufin abin da ba a cika samu ba. Kin ga ke nan ko huɗun da ɗanki ya nuna miki, sai an tambaya, huɗu cikin nawa, kuma a wace mujalla? Babu wata hukuma a duniya da ta tsayar da wannan mudu. Kowace mujalla da nata, kuma a cikin mujalla guda ma wani mai sharhin hannunsa a sake yake, wani kuma kamar mai auna zinariya.

Nan ne kuma amsar tambayarki ta fi ƙarfi, Hajiya. Taurari ba sa maganar tarbiyya. Ƙwarewar aiki suke aunawa. Fim na iya cika da zubar da jini da tsiraici ya samu biyar, saboda an iya ɗauka an iya wasa. Wani kuma tsaf yake, ba abin kunya ko ɗaya, ya samu ɗaya tal saboda labarin ya yi lami. Masu duba ko fim ya dace da yara daban suke, su ne hukumomin tace finafinai. A Nijeriya akwai ta tarayya da aka kafa a 1993, a Kano kuma akwai ta jiha tun 2001. Su ne ke cewa a yanke wuri kaza, kuma alamar shekaru da kike gani a jikin fim, kamar 18, daga irin waɗannan hukumomi take fitowa. Ko ita ɗin ma, in fim ɗin waje ne, da al'adar ƙasarsu suka auna. Abin da Bature ya ga ya dace da ɗan shekara 12, ke kina iya ganin ko ke da kika haife shi bai dace da ke ba. Saboda haka lambar shekaru za ki fara nema kafin taurari, in kuma da hali ki fara leƙa fim ɗin ke kaɗai da rana kafin ki tara yara da dare.

Suna kuskure kuwa? Sosai ma. Bari in kawo wanda kowa ya sani. Akwai gidan da bai san Sholay ba? Amitabh Bachchan da Dharmendra, da mugun nan Gabbar Singh wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa. Da aka sake shi a watan Agustan 1975, masu sharhi da dama sun kushe shi, makonnin farko ma kasuwarsa ba ta yi armashi ba. Jama'a ne suka ɗaga shi, wanda ya gani ya gaya wa wanda bai gani ba, har ya shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai. Da aka zo rabon kyaututtukan Filmfare na wannan zagaye, kyauta ɗaya tak ya samu, ita ma ta editin ce. Deewaar ne ya lashe gwarzon fim. Sai a 2005, shekara 30 bayan fitowarsa, ita dai Filmfare ɗin ta dawo ta ba Sholay lambar fim mafi kyau na shekara 50. Ko harafi ɗaya ba a canza a fim ɗin ba. Masu awon ne suka sake awo.

Ita Filmfare tun da wuri ta gane cewa idon jama'a da idon masana ba koyaushe suke haɗuwa ba. Da ta fara ba da kyaututtuka a 1954, masu karatu ne suka yi zaɓe, fim ɗin da ya fara ci kuma shi ne Do Bigha Zamin, labarin wani talakan manomi da ya tafi birni jan keken ɗaukar mutane don ya fanshi gonarsa. Daga baya aka shigo da kwamitin masana cikin zaɓen, daga bisani ma aka ware wata kyauta daban ta masu sharhi zalla. Shi ya sa a shekara guda za ki ji fim kaza ne gwarzo, wani fim ɗin daban kuma shi ne gwarzon masu sharhi. Ni a ganina wannan ya fi gaskiya, don an fito fili an ce mudu biyu ne.

Kuskure daban, ha'inci daban. Mujalla da talla take rayuwa, masu ba ta tallar kuma sau da yawa su ne masu finafinan da take yi wa sharhi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa kun san sauran. Akwai kuma dabarar 'yan talla ta tsinto kalma ɗaya mai daɗi daga cikin sharhin da ya yi kaca-kaca da fim, su manna ta a fasta da manyan baƙaƙe. Mutum ya rubuta cewa kayan da jarumar ta sa abin burgewa ne amma labarin shirme ne, gobe sai ya ga "abin burgewa" da sunansa a ƙasa. Wani abin ma ya wuce nan. A 2001 mujallar Newsweek ta bankaɗo cewa wani mai sharhi da ake kira David Manning, wanda ake ta buga yabonsa a tallar finafinan kamfanin Sony, babu shi a duniya sam. Ma'aikatan talla ne suka ƙirƙire shi, suka jingina shi ga wata ƙaramar jarida da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Magana ta kai kotu, a 2005 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan ɗaya da rabi, aka ce wanda ya kalli finafinan ya zo ya karɓi dala 5 a kan kowane tikiti. Don haka taurarin da ke jikin hoton talla, in ba a rubuta sunan mujallar da ta ba da su ba, ɗauke su kamar kirarin mai tallar magani a kasuwa.

Namu na gida kuma nasu nauyin daban ne. Masana'antar ƙarama ce, kowa ya san kowa. Wanda ka kushe fim ɗinsa yau, gobe za ku haɗu a ɗaurin aure, jibi kuma shi za ka nema ya ba ka hira. Ga al'adarmu ta kara da kawaici. Shi ya sa nake jinjina wa duk wanda ya iya rubuta cewa fim kaza bai yi ba, ya kawo dalili, ba zagi ba cin mutunci. Irin wannan ya fi wa furodusa amfani a kan masu cewa sai kai, ko da a ranar ba zai ji daɗi ba.

Yanzu bari in kai ku ga awon da ya fi kowane girma a wannan harka, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki. Mujallar Sight and Sound da na ambata, wadda cibiyar finafinai ta Birtaniya ke bugawa, duk bayan shekara goma takan tambayi masu sharhi na ƙasashe daban-daban, kowa ya rubuto finafinai goma da yake ganin sun fi kowane tun da aka fara fim. Sai a tattara a ƙirga. An fara a 1952, wanda ya zo na ɗaya kuma wani fim ɗin Italiya ne na 1948, Bicycle Thieves. Magidanci ne ya samu aikin manna fasta wanda sai da keke, matarsa ta kwashe zannuwan gadonsu ta kai jingina aka karɓo keken, ranar farko ta aiki ɓarawo ya sace shi. Daga 1962 har 2002, zagaye biyar a jere, wani fim ɗin Amurka na 1941 mai suna Citizen Kane ne ya riƙe kambun, har mutane suka ɗauka gadonsa ne. A 2012 Vertigo na Alfred Hitchcock ya ture shi, fim ɗin da shi ma da ya fito a 1958 ba kowane mai sharhi ya yaba ba.

Sai 2022. A 2012 mutum 846 suka yi zaɓen. Wannan karon mujallar ta faɗaɗa gayyata, mutum 1,639 suka jefa ƙuri'a. Da aka ƙirga, sai ga wani fim da ko cikin goman farko bai taɓa shiga ba ya zo na ɗaya. Mace ce ta ba da umarninsa, karo na farko ke nan da hakan ta faru cikin shekara 70. Sunanta Chantal Akerman, 'yar ƙasar Beljiyam, ta yi fim ɗin a 1975 tana da shekara 25 ko ƙasa kaɗan, kuma ba ta ga wannan rana ba don ta rasu a 2015. Sunan fim ɗin Jeanne Dielman, wato sunan matar da ke ciki, haɗe da adireshin gidanta a birnin Brussels.

Kun san me ke cikinsa? Aikin gida. Awa uku da minti ashirin da ɗoriya, ana bin wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, kwana uku a jere. Tana feraye dankali, kyamara na tsaye har ta gama. Tana wanke kwanuka, tana gyara gado, tana goge takalmin ɗanta, tana haɗa kofi. Duk abin da sauran finafinai ke tsallakewa don a kai ga "labari", ita shi ta mayar labarin. A rana ta biyu dankalin ya zarce a wuta. Shi ke nan abin da ya faru, amma mai kallon da ya riga ya haddace tsarin matar nan take zai san akwai abin da ya karye a zuciyarta. Daga nan ta fara mantuwa, abu na suɓuce mata daga hannu.

Da na kalle shi, a zama biyu don gaskiya ban iya a zama ɗaya ba, ku na tuna. Wace ce a cikinmu ba ta san haka ba? Ki leƙa gidan maƙwabciya ki ga mai share tsakar gida tun da asuba yau hantsi ya yi ba ta share ba, ko miyar da ba ta taɓa yin salam ba yau ba gishiri, ba sai ta buɗe baki ba kin san da magana. Abin da masana suka yi ta rubuta dogayen sharhi suna bayani a kai, ke kullum kina karanta shi a fuskar kishiya da suruka. Fim ɗin yana nan tun 1975, ba a ƙara masa komai ba. Masu zaɓen ne suka ƙaru, aka samu idanun da suka ga abin da na baya suka wuce. Kuma ba kowa ya yarda ba. An yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa an yi ne don a faranta wa mata. Daraktoci 480 da aka tambaya a nasu rukunin ma wani fim ɗin suka ɗora a sama, 2001: A Space Odyssey.

In kika bi jerin ɗarin farko na 2022 kuma, za ki ga inda idon masu zaɓen bai kai ba. Daga Afirka ta Yamma akwai biyu na daraktocin Senegal, Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da Black Girl na Ousmane Sembène. Daga Nijeriya ba ko ɗaya. Indiya duk yawan finafinanta, Pather Panchali na Satyajit Ray ne ya samu shiga, shi kuma ba irin na rawa da waƙa da muka saba ba ne. Sholay ɗinmu ba ya ciki. Mutum ba ya zaɓen abin da bai taɓa gani ba, yawancin masu jefa ƙuri'ar kuwa ba su taɓa zama sun kalli fim ɗin Hausa ba. Zagaye na gaba sai 2032, in Allah Ya kai mu.

Amma Hajiya mai tambaya, kada ki ji na yaba ki aiki yaro ya turo miki shi. Matar da ke cikin fim ɗin, ban da girki da shara, tana karɓar maza da rana a gidan don ta samu abin ciyar da ɗanta, ƙarshen kuma akwai kisa da abin da ba za ki so yara su gani ba. Yau na karya ladabin masu sharhi na taɓa ƙarshen labari, da gangan na yi. Wannan fa shi ne fim ɗin da masana 1,639 suka taru ƙuri'unsu suka ɗora a kan kowane fim a duniya, kuma da kin tara yara a kansa, da shi ma kin kashe wayar.